Idan kayan haɗa suturar wasan kwaikwayo sun gagara samuwa, da me ake maye gurbinsu?

Uwar_Sutura

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ce nake kula da sutura da kayan wasa a wata ƙaramar ƙungiyar wasan kwaikwayo, kuma a wannan karon an ɗora mini aikin da ya zarce abin da na saba yi. Nan da mako shida za mu hau dandamali da wani wasa na yaƙi, inda ake buƙatar sulke takwas, kwalkwali takwas, garkuwoyi da takubba, gemun ƙarya guda biyu, da kuma tabon sara a fuskar mutum ɗaya. Na kwana biyu ina kallon bidiyon masu wannan sana'a a YouTube, sai dai kusan duk abin da suke ambata, irin su soson EVA da fallen roba na Worbla da fentin roba na Plasti Dip da ruwan roba na lateks, ban taɓa cin karo da mai sayar da su ba. A bara na yi odar wasu daga waje, amma sai da aka gama wasan da sati biyu sannan suka iso. Don haka nake tambayar waɗanda suka daɗe a harkar: da me kuke maye gurbin waɗannan kayan, kuma wanne ne a cikinsu ba shi da madadi ko kaɗan?

Baduku_Tsoho

Wa alaikumus salam. Hajiya, abin da yake wahalar da ke shi ne kina bin kayan da sunan da masu bidiyo suka kira su, alhali kuwa yawancinsu suna nan kusa da ke a hannun masu wata sana'a, da wani suna dabam. Na shekara fiye da talatin ina aikin takalma da jakunkuna, kuma ranar da jikana ya nuna mini soson nan na EVA a wayarsa sai da na yi dariya, domin shi ne muke yanka tafin silifa da shi. Ki je wurin masu sayar da kayan aikin takalma, ki ce a nuna miki falle-fallen robar tafin takalmi mai laushi. Akwai mai kaurin milimita 2, akwai mai 5, akwai mai 10, kuma da waɗannan ukun za ki iya haɗa sulke da kwalkwali har da adonsu. Gam ɗin da suke yabo a bidiyon ma gam ɗinmu ne na takalmi: a shafa shi siriri a fuskokin biyu, a bar shi minti biyar zuwa goma har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa a danne. Wanda ya yi gaggawar haɗawa tun yana da jiƙa, shi ne zai ce gam ɗin ba shi da kyau.

Shi kuma Worbla ban taɓa riƙe shi da hannuna ba, amma yadda na ga ana gasa shi ya yi laushi, a lanƙwasa shi, ya huce ya sandare, hakan muke yi da fallen da muke sakawa a hancin takalmi da dunduniyarsa don su tsaya. Ki tambaye shi a wuri ɗaya, ki sayi ɗan kaɗan ki gwada kafin ki kashe kuɗi da yawa.

Sarkin_Kwali

Ina girmama maganar Baba Baduku, amma ni a ganina garkuwa da kwalkwali ba sa buƙatar roba sam. Kwalin da ake zuba firji ko talabijin a ciki yana da ninki biyu, kuma idan aka haɗa falle biyu ta yadda layukan cikin ɗaya suka gitta na ɗayan, garkuwar ba za ta lanƙwashe ba ko an doke ta. Sai a bi ta da takarda da gam. Takardar jarida tana aiki, amma takardar buhun siminti ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, muddin an kakkaɓe ƙurar an jiƙa ta an murje ta har ta yi laushi. A riƙa yaga ta da hannu, kada a yanka da almakashi, domin bakin da aka yaga shi ne yake kwanciya ya ɓace a jikin ɗan'uwansa. Kwalkwali kuwa a kan balan-balan ko ƙwallo nake gina shi, shimfiɗa shida, ina barin kowace biyu su bushe sarai kafin in ƙara. Na taɓa yin gaggawa na jera shimfiɗa biyar a rana ɗaya da kunun fulawa, bayan kwana huɗu na tarar fumfuna ta cinye cikin, abin da ya rage kuma kyankyasai suka ƙarasa. Tun daga ranar farin gam na kafintoci nake sirkawa da ruwa.

Malama_Kimiyya

Akwai gyara ɗaya da nake so in yi kafin Hajiya ta fita sayayya. Ba kowace roba mai laushi ce EVA ba. Tabarmar nan mai haƙora da ake harhaɗawa a ɗakin wasan yara ko wurin motsa jiki yawanci EVA ce, amma tabarmar motsa jiki mai naɗewa sau da yawa PVC ce, kuma bambancin ba ƙarami ba ne idan za a sa mata zafi. PVC tana ɗauke da sinadarin kulorin, idan ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai cin hanci da maƙogwaro da huhu. Akwai tsohon gwaji da muke yi a ɗakin gwaje-gwaje: a gasa bakin wayar tagulla a wuta har ya yi ja, a dangwala shi a jikin robar, a mayar cikin harshen wutar. Idan wutar ta koma kore, akwai kulorin, sai a ajiye wannan robar don aikin da ba ya buƙatar gashi. A yi gwajin a waje, da ɗan guntu kawai.

Game da Worbla, yana yin laushi ne a wajen digiri 90 na ma'aunin Salshiyos. Akwai kuma wata roba mai suna PCL wadda take narkewa tun a digiri 60, wato ruwan zafi ma ya ishe ta, kuma da irinta ake yin abin ɗaure hannu ko yatsa a sashen gashin ƙashi na asibitoci. Wanda yake son ƙananan abubuwa kamar haƙora ko ƙaho ko adon kan takobi zai iya tambayarta wurin masu sayar da kayan asibiti.

Dan_Dandamali

Tambayar da ba a yi wa Hajiya ba ita ce: mita nawa ne tsakanin dandamali da layin farko na 'yan kallo? Idan ya kai mita biyar, rabin wahalar nan ba ta da amfani. Sulken zobba da ake gani a manyan gidajen wasa tun da daɗewa saƙa shi ake yi da igiya mai kauri da manyan allurai, a rina shi baƙi, a goga masa fentin azurfa sama-sama, kuma babu ɗan kallon da yake ganewa. Masu bidiyon da kike kallo suna yi ne don hoton kusa da gasar sutura, inda alƙali zai sa hannu ya taɓa.

Idon_Kamara

Ni zan saɓa wa kowa a nan, kuma ina neman afuwa. Araha ba ta ado. Na yi shekara shida ina ɗaukar gajerun finafinai, kuma duk lokacin da muka ce za mu yi dabara da abin da ke hannu, ƙarshenta mukan biya sau biyu: kuɗin gwaje-gwajen da suka lalace, da kuma ranar ɗauka da aka rasa. Akwai ranar da muka haɗa sulke huɗu da gam ɗin kyandir mai narkewa a bindiga, muka bar su a bayan mota da rana, kafin mu isa wurin ɗauka duk kafaɗun sun saki. Abin da na koma yi shi ne mu haɗu mu biyar ko shida masu irin wannan aiki, mu yi oda ɗaya babba sau ɗaya a shekara, mu raba kuɗin dako. Kayan da aka ƙera musamman don aikin an riga an gwada su, an san yadda suke karɓar fenti da yadda suke jure gumi. Madadi kuwa kai ne ɗakin gwajinsa, kuma a kan ɗan wasanka kake gwadawa.

Dan_Dandamali

Malam Idon_Kamara, abin da ya same ku laifin zaɓin gam ne, ai gam ɗin kyandir ko a ina aka saye shi zafi yana sake shi. Da kun yi amfani da na takalmi da Baba ya ambata da hakan ba ta faru ba. Sannan baiwar Allah nan mako shida gare ta, odar shekara ba za ta fisshe ta ba.

MaiFenti_77

Bari in ɗauki ɓangaren Plasti Dip, tunda fenti ne sana'ata. Amfaninsa guda biyu ne kawai: ya toshe ƙananan ramukan soson don kada ya shanye fenti, kuma ya ba da fata mai miƙewa wadda ba ta tsagewa idan an lanƙwasa. Na farkon farin gam yana yin sa. A sirka shi da ruwa kaɗan, a shafa siriri sau huɗu ko biyar, kowane shafi ya bushe kafin na gaba. Inda yake gazawa shi ne na biyun, domin a wuraren da suke lanƙwashewa sosai, kamar gwiwar hannu da ƙugu, yakan yi tamoji ko ya tsage. A irin waɗannan wuraren ni fentin nan na ruwa mai kauri da ake shafa wa rufin kankare don hana yoyo nake sawa, saboda an yi shi ne don ya miƙe ya dawo. Bai kai na gwangwanin feshi santsi ba, sai an bi shi da buroshi mai laushi da haƙuri, amma ya riƙe mini sulke har wasa goma sha biyu.

Batun kamannin ƙarfe kuwa, kada ki sayi fentin azurfa ki fesa kai tsaye, zai fito kamar ledar alawa. Ki fara da baƙin fenti mai sheƙi, idan ya kusa bushewa sarai sai ki goga masa garin bakin fensir da tsumma mai laushi. Fensir mai lamba 6B ko 8B ya fi, domin shi ne mai yawan sinadarin da ke ba da ƙyallin, ana kuma samun garin a wurin masu gyaran makullai. Abin da zai fito ƙarfe ne mai duhu irin wanda ya sha hannu. Daga nan sai ki ɗan taɓa gefuna da azurfa da busasshen buroshi, ki zuba ruwan fenti mai launin ƙasa a lunguna ya zama tsatsa.

Gargaɗi ɗaya daga abin da ya taɓa samuna: farin soson nan mara nauyi da ake kare kayan lantarki da shi a kwali yana da daɗin sassaƙa, amma fentin feshi da gam ɗin takalmi da fetur duk narkar da shi suke yi. Na sassaƙa kan zaki na kwana uku, feshi ɗaya ya mayar mini da shi kamar an watsa wa gishiri ruwa. Sai an rufe shi ruf da farin gam da takarda kafin wani fenti mai ƙarfi ya kusance shi.

Uwar_Sutura

Allah ya saka muku da alheri, na cika shafi uku da rubutu. Malam Dan_Dandamali, tsakaninmu da 'yan kallo zai kai mita shida, amma za a ɗauki bidiyon wasan, don haka maganar Malam Idon_Kamara ma ta shafe ni. Tambayoyi biyu suka rage mini a yanzu. Ba ni da bindigar zafi da ake gasa soson da ita, shin injin busar gashi zai wadatar? Sannan har yanzu ba a taɓo gemu da tabo ba, kuma su ne suka fi tayar mini da hankali tunda a jikin mutum za a sa su.

Baduku_Tsoho

Injin busar gashi ba zai yi ba, 'yata, domin an yi shi ne don kada ya ƙona fatar kai, ita kuwa bindigar zafi tana haura digiri 300. Mu da ba mu da ita a kan rishon lantarki muke shawagi da fallen, tazarar kamar taƙi ɗaya, muna jujjuya shi har ya yi laɓo-laɓo, sannan mu kifa shi a kan gwiwa ko ƙwarya ko bayan tukunya mu riƙe har ya huce. Dutsen guga ma yana yi idan an sa takarda a tsakani. Harshen wuta kai tsaye ne ban yarda da shi ba. Masu gyaran waya da masu liƙa wa gilashin mota baƙar leda suna da bindigar, kuma wuni ɗaya ya ishe ki gasa sulke takwas idan kin riga kin yanka komai.

Saurayin_Fage

Game da gemu, mu dai a makaranta da sholisho muke liƙa auduga a haɓa, wani lokaci ma da sufa gulu idan ana sauri, kuma yana kamawa sosai har a gama wasa.

Kwalliyar_Fage

Ƙanena Saurayin_Fage, don Allah kada ka sake yin haka, kuma kada wani ya karanta ya kwaikwaya. Sholisho an yi shi ne don facin taya, sinadaran da ke cikinsa suna ƙona fata kuma shaƙarsu a ƙarƙashin hanci na awa biyu cuta ce. Sufa gulu kuwa idan ya haɗu da auduga zafi yake yi nan take, zafin da yake iya tayar da ƙuna, ban da fatar da zai ɗaye wajen cirewa. Allah ne ya kiyaye ku.

Hajiya, a nan ne nake ganin amsar tambayarki ta biyu take, wato abin da ba shi da madadi. Duk abin da zai kwanta a kan fata ko kusa da ido, sai wanda aka yi shi don fata. Sa'ar da aka yi ita ce masu kayan kwalliya suna da shi: gam ɗin da ake liƙa gashin ido da shi sau da yawa lateks ne, akwai kuma gam ɗin da ake kama gaban hular gashi da shi, dukansu suna riƙe gemu mara nauyi. Sai dai wasu mutane jikinsu ba ya shiri da lateks, don haka ki ɗiga kaɗan a cikin damtsen ɗan wasan kwana ɗaya kafin ranar, idan wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi ki nemi wanda ba lateks a ciki.

Ni dai a dandamali na fi son gemun da ba ya buƙatar gam ko kaɗan. Ki yanka ragar net mai laushi daidai haɓar mutumin, ki ɗaura mata gashin ƙari na kitso tsinke-tsinke da ƙaramar allurar saƙa, ki sa siririyar roba ta zagaya bayan kunnuwa, abin da ya rufe kai zai ɓoye ta. Gashin ƙarin, irin su Kanekalon na kamfanin Kaneka na Japan, roba ne, don haka rinin gashi ba ya kama shi, gara ki sayi launin da kike so tun farko ki gauraya baƙi da fari da ruwan toka. Ruwan zafi yana sa shi ya riƙe lanƙwasar da aka ba shi, hoda kuma tana kashe masa ƙyalli. Tabon sara kuwa, daga mita shida zane ya fi komai: layi mai duhu ja-ja a tsakiya, layi mai haske a gefensa ɗaya, sai ido ya ga rami. Idan kamara za ta matso, ki ɗora siririn tishu da gam ɗin gashin idon, ki tsaga tsakiyarsa bayan ya bushe, sannan ki yi masa launi.

Saurayin_Fage

Na karɓi gyara, Anti, ban san da maganar audugar ba. Amma ƙaro fa? Na ga kakana yana jiƙa shi ya liƙa takardu, kuma ai daga itace yake fitowa.

Malama_Kimiyya

Ƙaro ba ya ƙona fata, amma ruwa ne yake narkar da shi, gumi kuma ruwa ne, saboda haka minti ashirin a ƙarƙashin fitilun dandamali gemun zai fara zamewa. Tunda an zo maganar fuska, bari in riga wani faɗa, domin na san akwai mai shirin ba da shawarar a ɗauki zubin fuskar ɗan wasa da garin POP na silin. Wannan garin yana yin zafi yayin da yake daskarewa, kuma idan yana da kauri zafin yana kaiwa ga ƙuna mai tsanani, ga shi idan ya kama ba ya sakin abin da ke cikinsa. An taɓa samun waɗanda suka rasa yatsu ta wannan hanya. Abin da ake ɗaukar zubin jiki da shi shi ne aljinet, garin da likitocin haƙori suke ɗaukar siffar baki da shi, sannan a tallafe shi ta waje da bandejin filasta. Yana kamawa cikin 'yan mintuna, kuma yana tsukewa idan ya bushe, don haka a zuba filastar a cikinsa nan take bayan an cire shi daga jiki.

Idan kuwa mazubin ƙananan kayan ado ake so, kamar tambarin da za a maimaita a garkuwa takwas, silikon ɗin da ake toshe bakin gilashi da shi, mai warin tsami, idan aka cuɗa shi da garin sitacin masara kusan daidai wa daida yana zama kamar ƙullu, a danna abin a ciki, ya kama cikin ƙasa da awa ɗaya. Shi ma ba na fata ba ne.

Tela_Mai_Hakuri

An yi ta maganar roba an manta cewa a ƙarƙashin kowane sulke riga ce. Abin da ya fi ba ni wahala a irin wannan aiki shi ne yadin da zai karɓi rini da tsufa, domin yawancin abin da ake sayarwa da sunan auduga gauraye yake da roba. Kafin ki saya ki zare ɗan zare ki kusanta shi da ashana. Auduga tana ci da warin takarda ta bar toka mai laushi, ulu da siliki suna warin gashi, mai roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai tauri, kuma wannan rinin gida ba ya kama shi. Tsofaffin zannuwan gado da labule da buhun algarara sun fi sabon yadi dacewa da mayaƙa. Ruwan shayi mai kauri yana mayar da farin yadi tsoho, samfefa tana cinye gwiwa da bakin hannu, kuma a tuna datti yana taruwa ne a wuya da hammata da gefen ƙasa, ba a ko'ina daidai ba.

Inda ake son yadi ya tsaya, kamar kwala mai tsayi ko ɗamara, yadin nan mai gam da muke mannawa da guga ninki biyu ya isa. Maimakon ƙarfen da ake zurawa a rigar da ke matse jiki, manyan robobin ɗaure wayar lantarki nake sawa, in yanke kan, in goge bakin ya zama da'ira don kada ya huda yadin. Sitaci ban ba da shawararsa ba ga kayan da za a ajiye, danshi yana kwantar da shi, ƙwari kuma suna bin sa.

Sarkin_Kwali

Ba a ce komai ba kan takubba. Ni bututun ruwa na roba nake gasawa in danne shi tsakanin katako biyu ya baje, ya ba da ruwan takobi mai kyau da sauƙin nauyi.

Dan_Dandamali

Wannan bututun ai PVC ne da Malama ta yi gargaɗi a kansa, ko da yake laushi yake fara yi tun wajen digiri 80, kafin ya kai ga ƙonewa, don haka mai haƙuri a fili zai iya. Damuwata dabam ce: idan za a yi karo da takubban da gaske, bututun da aka gasa yana iya fashewa ya bar baki mai kaifi. Mu kashi biyu muke yi. Na rataya a kube na katako ne mara nauyi, na faɗa kuma siririyar sanda ce a tsakiya da soso falle biyu a lulluɓe, kuma sandar tana tsayawa yatsa uku kafin tsinin don kada ta huda ta fito.

Idon_Kamara

Na bi duk bayanan, kuma na yarda cewa soson masu takalmi shi ne dai EVA, wannan ba madadi ba ne ma, abin ne da kansa. Amma ku lura da yawan gargaɗin da ya biyo bayan kowace shawara: wannan yana narkewa, wancan yana ƙuna, wancan yana tsagewa. Abin da nake nufi ke nan tun farko. Baba Baduku yana da shekara talatin a hannunsa, shi ya sa yake gane fallen kirki da taɓawa. Sabon shiga zai sayi abin da ya yi kama da shi, ya gano kuskurensa ana saura kwana uku.

Baduku_Tsoho

Gaskiya ka faɗa, ɗana, amma wanda aka yi oda ma sai an koyi hannunsa, kuma idan ya ƙare maka ana saura kwana uku ba ka da inda za ka ƙaro. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Abin da nake roƙon Hajiya shi ne ta haɗa kafaɗa ɗaya tak daga farko har fenti, ta ba wanda ya fi kowa gumi a cikin 'yan wasan ya sa ta ya yi atisaye, kafin ta yanka sauran.

Uwar_Sutura

Na dawo da rahoto bayan kwana biyar. Na sami fallen mai milimita 5 da mai 2 a wurin masu kayan takalma kamar yadda Baba ya ce, na yi gwajin wayar tagulla kuma wutar ba ta canza launi ba. Fallen hancin takalmin ma na same shi, yana lanƙwasuwa da kyau, sai dai siriri ne ƙwarai kuma gefensa ɗaya yana da danƙo idan ya ji zafi, don haka a bakin kwalkwali kawai zan sa shi. Kafaɗar gwajin ta sha atisaye biyu. Gam ɗin bai saki ba, garin fensir ya ba kowa mamaki, amma farin gam ya yi tamoji a inda madaurin yake ja, kuma garin yana gogewa ya ɓata rigar da ke ƙasa. Garkuwoyin na kwali za su zama, gemun kuma na ɗaya yana hannun wata ƙanwata mai kitso. Malam MaiFenti, me zan shafa a kan garin fensir ɗin don ya daina bin hannu?

MaiFenti_77

A nan kowa da ra'ayinsa, Hajiya. Duk abin da kika shafa a kai zai rage ƙyallin, wani ma ya mayar da shi ruwan toka kawai. Banish na ruwa mai sheƙi, shafi ɗaya siriri da soso ana dangwalawa ba a ja, shi ne ya fi rage mini asara. Wani abokin aikina kuwa ba ya rufewa sam, yana goge shi sosai da tsumma har ya daina fita, ya bar gefunan da ke taɓa riga da fentin azurfa zalla, sannan ya sake goga garin kafin kowane wasa. Ki raba kafaɗar gwajin gida biyu ki yi kowanne a gefe ɗaya, ki haska mata fitilar da za ku yi wasan da ita, kuma ki sa mai ɗaukar bidiyon ya duba ta cikin kamararsa.

Idon_Kamara

Idan za a duba ta kamara, a duba da fitilar gefe, domin ita ce take tona tamojin da Hajiya ta ambata. Ina so in ga hoton ɓangarorin biyu idan an yi, musamman wurin madaurin.